Babban hadimin Shehinmu ya rasu farat ɗaya, almajirai sun rabu: wace magana za mu kama?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, babban hadimin Shehinmu ya rasu makon jiya. Ya fi shekara ashirin yana tare da Shehi, shi ke riƙe da makullan makaranta, shi ke yi wa baƙi iso, ba a tafiya sai da shi. Lafiya ƙalau muka yi sallar Isha'i tare, kafin Asuba aka ce ya cika. Yanzu wasu na cewa sammu aka yi masa, har suna nuna wani ɗan'uwa da suka taɓa samun saɓani. Wasu na cewa ya saɓa wa Shehi ne, fushin malam ya kama shi. Wasu kuma sun ce ai ya riga ya shiga Aljanna, kowa na ba da labarin mafarkin da ya yi. 'Yan wani ɓangare kuwa gori suke yi mana, wai da Shehinmu na Allah ne da na hannun damansa bai mutu haka ba. Ni kaina zuciyata ta raunana. Wace magana za mu kama?

Amsa:

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta, Ya ba iyalinsa da Shehi da ku baki ɗaya haƙurin rashinsa.

Ɗan'uwa, kada ka ga laifin zuciyarka. Mutuwar fuju'a, wato ta farat ɗaya, tana da wani zafi na daban. Wanda ya yi wata uku yana jinya, kafin ya cika an riga an yi rabin kukan, an yafi juna, an ji wasiyya. Amma wanda kuka haɗa kafaɗa da shi a sahu da daddare, gari na wayewa aka ce a zo wanka, hankali ba ya karɓar wannan nan take, sai ya shiga laluben dalili. Maganganun nan huɗu da ka lissafa duk daga wannan laluben suka fito. Kuma duk an taɓa faɗar irinsu a Madina, Manzon Allah (SAW) yana raye, shi da kansa ya ba da amsa. Saboda haka can zan kai ka.

Akwai wani sahabi da ba a cika jin sunansa a wa'azi ba, As'adu ɗan Zurara, wanda ake yi wa alkunya da Abu Umama, mutumin Banu Najjar daga ƙabilar Khazraj. Yana cikin mutum shidan farko na Yasriba, wato Madina, da suka haɗu da Annabi (SAW) a Aƙaba lokacin aikin hajji suka musulunta. Ya dawo mubaya'a ta farko, ya dawo ta biyu. A ta biyun, mutane sun miƙe za su yi mubaya'a, shi kuwa yana cikin mafi ƙarancin shekaru a wurin, sai ya riƙe hannun Annabi (SAW) ya ce wa mutanensa su dakata: ku sani ɗaukar mutumin nan zuwa garinku yana nufin rabuwa da Larabawa duka, da kashe zaɓaɓɓunku, da saran takubba, in za ku iya ku ɗauka, in kuna tsoro ku faɗa tun yanzu. Suka ce ya janye hannunsa, ba za su bar wannan mubaya'a ba. A cikin wakilai goma sha biyu da aka naɗa a daren, shi ne wakilin Banu Najjar. Da aka aiko Mus'abu ɗan Umairu ya koyar da Alƙur'ani, a gidansa ya sauka, shi ke yi masa jagora unguwa-unguwa, a irin wannan fita Usaidu ɗan Hudairu da Sa'adu ɗan Mu'azu suka musulunta. As'adu ne ya fara tara mutane sallar Juma'a a Madina tun kafin hijira, su arba'in. Hatta filin da aka gina masallacin Annabi (SAW) na wasu marayu biyu ne, Sahlu da Suhailu, da ke ƙarƙashin kulawarsa. In ana neman na hannun dama a watannin farko na Madina, to ga shi nan.

Ba a cika shekara da hijira ba, ana tsakiyar ginin masallacin, wani ciwo ya kama shi a maƙogwaro, irin mai shaƙe numfashi. Annabi (SAW) ya nema masa magani, aka yi masa lalas kamar yadda ake yi a zamanin, bai tashi ba. Bai ga Badar ba, bai ga an gama ginin da shi ya share wa fage ba. Nan take masu adawa daga cikin Yahudawan Madina da munafukai suka samu abin faɗa: da Annabi ne, da abokinsa bai mutu ba. Ka ji gorin da ake yi muku yau, harafi da harafi. Ibnu Hisham ya kawo amsar Annabi (SAW) a littafinsa na tarihi, ya ce: suna cewa da Annabi ne da abokinsa bai mutu ba, alhali ni ba na mallaka wa kaina ko abokina komai daga Allah.

Ka tsaya a kan wannan amsa, domin ita ce gishirin maganar. Bai nemi wani uzuri ba, bai ce akwai wani sirri a ciki da ba za su gane ba. Ya rushe tushen gorin ne gaba ɗaya, wato zaton cewa zama kusa da bawan Allah katanga ce tsakanin mutum da ajali. Alƙur'ani ma abin da ya umarce shi ya faɗa ke nan a Suratul A'araf, aya ta 188: ba na mallaka wa kaina amfani ko cuta sai abin da Allah Ya so, da na san gaibu da na yawaita alheri kuma da sharri bai taɓa ni ba. Ya binne Nana Khadija, ya rasa 'ya'yansa shida cikin bakwai, ya rasa Hamza a Uhudu, ya rasa Zaidu ɗan Harisa, wanda ya taso a hannunsa, a Mu'uta. A ƙasarmu ma, jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ta rasa kusan mutum dubu biyu a yaƙin Tsuntsuwa a ƙarshen 1804, cikinsu akwai mahaddata Alƙur'ani kusan ɗari biyu, Shehu na raye, addu'arsa na nan.

Zan faɗa maka wata magana da ƙila ba za ta yi daɗi ba. Gorin nan yana yi muku ciwo ne saboda a can ƙasan zuciya wasunku ma sun ɗauka haka abin yake, cewa wanda ke zaune a gindin Shehi ba ya mutuwar farat ɗaya. Mai gori da wanda imaninsa ya girgiza, ma'auni ɗaya suke awo da shi. Malami ana auna shi da iliminsa, da tsoron Allahnsa, da abin da yake koyarwa, da yadda yake mu'amala da dukiyar mutane da mutuncinsu. In waɗannan suna nan yadda ka san su kafin makon jiya, rasuwar hadimi ba ta rage komai ba. In kuwa da ma akwai matsala a cikinsu, ko hadimin ya shekara ɗari ba ta gyaru ba.

Akwai kuma lokacin da fassarar mutane ta zo da yabo, nan ma Annabi (SAW) bai karɓa ba. Ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, a shekara ta 10 bayan hijira, rana ta yi husufi. Mutane suka ce don mutuwar Ibrahim ne. Da ya yi shiru kawai, da darajarsa ta ƙaru a idon masu raunin fahimta. Ya tashi, yana cikin zafin rashin ɗa, ya ce rana da wata ayoyi ne daga ayoyin Allah, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Daga nan nake ganin akwai nauyi a kan Shehinku, Allah Ya ƙara masa lafiya. Manyan almajirai su same shi cikin ladabi su gaya masa abin da ake faɗa a waje, domin sau da yawa malami ne na ƙarshe da ke jin irin waɗannan maganganu, musamman yanzu da wanda ke kai masa labari shi ne ya tafi. Magana ɗaya daga bakinsa a majalisi, cewa bai yi fushi da mamacin ba, kuma bai yarda a zargi kowa ba, za ta kashe wutar da ku ba za ku iya kashewa a wata shida ba.

Masu cewa ya riga ya shiga Aljanna, ƙauna ce ta sa su, kuma muna yi masa wannan fata. Sai dai ka ji labarin Mid'am. Bawa ne da Rifa'atu ɗan Zaidu ya ba Annabi (SAW) kyauta, yana yi masa hidima. Bayan Khaibara, a shekara ta 7, an isa Wadil Ƙura, yana cikin sauke sirdin raƙumin Annabi (SAW) sai wata kibiya da ba a san wanda ya harbo ta ba ta same shi, ya mutu nan take. Ka duba: hadimin Annabi, a fagen jihadi, hannunsa a kan kayan Annabi. Mutane suka ce, barkansa da Aljanna. Annabi (SAW) ya ce a'a, ya rantse cewa mayafin da ya ɗauka ranar Khaibara daga ganima kafin a raba yana ci da wuta a kansa. Da jin haka wani mutum ya taho da igiyar takalmi ɗaya ko biyu da ya ɗauka, ya mayar. Hadisin yana cikin Muwaɗɗa da Bukhari da Muslim. Ban kawo shi don in munana zato ga mamacinku ba, Allah Ya kiyaye. Na kawo shi ne don mu da muka rage, musamman masu riƙe da kuɗin makarantu da masallatai, mu san cewa kusanci da malami ba ya ɗauke wa kowa hisabi.

Ko mutumin da babu wani abin zargi a kansa, haka aka koya mana. Da Usmanu ɗan Maz'unu ya rasu, Ummul Ala, wadda a gidansu ya yi jinya, ta ce ta shaida Allah Ya girmama shi. Annabi (SAW) ya ce mata, me ya sanar da ke Allah Ya girmama shi? Sannan ya ce shi dai mutuwa ta zo masa, kuma ina yi masa fatan alheri. Ta ce daga ranar ba ta ƙara tsarkake kowa ba. Bayan haka ta yi mafarki ta ga wani marmaro yana gudana na Usmanu, ta ba Annabi (SAW) labari, ya ce aikinsa ne. To ka ga matsayin mafarki: in na alheri ne a yi murna, a yi fata, a tsaya nan. Ba a gina hukunci a kansa. Wanda kuma ya ƙirƙiro mafarkin da bai yi ba don a ce shi ma yana da kusanci, ya ji tsoron Allah, hadisin Bukhari ya ce za a tilasta masa ya ƙulla ƙwayar sha'ir biyu ranar alƙiyama, ba kuwa zai iya ba. Abin da aka buɗe mana ƙofarsa shi ne shaidar abin da muka gani: ya tsare salla, ya yi wa ilimi hidima, bai wulaƙanta baƙo ba. Irin wannan shaida tana da nauyi, domin an wuce da wata gawa sahabbai suka yabe ta, Annabi (SAW) ya ce ta tabbata, wato Aljanna, ku ne shaidun Allah a bayan ƙasa.

Maganar fushin malam ita ta fi ɓata mini rai a cikin huɗun, don mamaci ba ya iya kare kansa, kuma 'ya'yansa za su tashi suna ji ana nuna su ana cewa ubansu baki ne ya kama shi. Masu wannan magana sukan jingina da hadisin Abu Dawuda da ke cewa mutuwar fuju'a kamun fushi ce. Amma akwai ruwayar da ta fayyace shi, daga Nana A'isha da Ibnu Mas'ud, cewa hutu ce ga mumini, kamun fushi ce ga fajiri. Wato yanayin mutuwar shi kaɗai ba ya gaya maka komai, abin dubawa shi ne halin da ta riski mutum a ciki. Ibnu Hajar ya naƙalto daga Imam Nawawi cewa jama'a daga annabawa da salihai haka suka rasu. Wani mutum yana tsaye a Arfa tare da Annabi (SAW) ya faɗo daga kan taguwarsa, wuyansa ya karye, Annabi (SAW) ya ce a yi masa likkafani da haraminsa, kada a rufe kansa, za a tashe shi yana talbiyya. Abdurrahman ɗan Sayyidina Abubakar barci ya kwanta bai farka ba, Imam Malik ya ruwaito cewa 'yar'uwarsa Nana A'isha ta 'yanta bayi masu yawa a madadinsa. Ba ta tsaya tambayar laifin me ya yi ba.

Kuma a ce ma sun sami saɓani da Shehi kwana biyu kafin rasuwar, to sai me? Wa ya zauna da mutum shekara ashirin ba a taɓa ɗaga murya ba? Harshe da haƙori ma ana saɓawa. Sayyidina Abubakar da Sayyidina Umar sun yi jayayya a gaban Annabi (SAW) har muryoyinsu suka ɗaga, aya ta sauka a farkon Suratul Hujurat, ba wanda ya faɗi ya mutu. Annabi (SAW) ya ce kada ku zagi matattu, sun riga sun isa ga abin da suka gabatar. Haka nan masu karanta alamu a jikin makara, wai ta yi nauyi ko ta yi sauƙi. Ranar jana'izar Sa'adu ɗan Mu'azu munafukai sun ce makararsa ta yi sauƙi ne saboda hukuncin da ya yanke wa Banu Ƙuraiza, Annabi (SAW) ya ce mala'iku ne ke ɗauke da ita. Shi wahayi ya gaya masa. Mu babu mai gaya mana, sai mu kame bakinmu.

Saura maganar sammu, wadda ita ce mai iya kaiwa ga zubar da jini. Ba na musun sihiri, Alƙur'ani ya ambace shi. Ba na musun ana sa wa mutane guba, Bishru ɗan Bara'u ya mutu ne da naman tunkiyar da wata mata ta sa wa guba a Khaibara don ta hallaka Annabi (SAW). Amma dubi yadda aka yi: an kira ta, an tambaye ta, ta amsa da bakinta. Ga kuma wani misali da ya fi kusa da halinku. An tsinci gawar Abdullahi ɗan Sahlu a Khaibara, kisa ne ƙarara, a garin mutanen da ake da tsohuwar gaba da su. Danginsa suka zo suka ce su ne suka kashe shi. Annabi (SAW) ya nemi su yi rantsuwa hamsin, suka ce yaya za mu rantse a kan abin da ba mu halarta ba, ba mu gani ba? A ƙarshe shi ya biya diyyar raƙuma ɗari, bai kama kowa da zato ba. Nan fa akwai gawa da rauni a jikinta. Ku kuwa me kuke da shi a kan wannan ɗan'uwa, ban da cewa sun taɓa faɗa? In wani ya je wurin mai duba aka ce masa wane ne, ya sani hadisin Muslim ya ce wanda ya je wa boka ya tambaye shi wani abu ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in. Mai duba kuwa ba ya taɓa cewa hawan jini ne, don ba a biyan kuɗi a kan wannan amsa. Dole ya nemo maka maƙiyi, kuma daga cikin na kusa zai zaɓo.

Na daɗe ina wankan gawa, kuma na zauna da likitoci na tambaye su abubuwan da nake gani. Kumfar da kan fito a baki ko hanci, wadda mutane ke gani su ce guba ce, tana faruwa idan zuciya ta gaza ruwa ya taru a huhu. Duhun da kan bayyana a baya da gefen da mamaci ya kwanta a kai, jini ne ke kwantawa ƙasa bayan zuciya ta tsaya, kowace gawa tana yi in ta ɗan jima. Shi ya sa malaman fiƙihu suka so mai wanka ya zama amintacce mai rufa asiri, kada ya fito ya ba jahilai abin fassarawa. Hawan jini kuwa yakan zauna a jikin mutum shekaru ba ciwon kai ba jiri, rana ɗaya jijiya ta fashe a ƙwaƙwalwa ko zuciya ta buga. Da yawa ma an sami gargaɗi ba a gane ba: nauyi a ƙirji, zufa mai sanyi, ciwo yana sauka hannun hagu ko yana hawa muƙamuƙi, numfashi sama-sama, a ce olsa ce a sha kanwa a kwanta. Doguwar tafiya a mota ba motsa ƙafa ita ma takan sa jini ya daskare a ƙafa, gudan ya tafi ya toshe huhu.

Yanzu ka tuna yadda hadimin babban malami yake rayuwa. Shi ne na ƙarshen kwanciya, shi ne na farkon tashi. Abinci sai baƙi sun watse, a ci a tsaye. Yau Kano, gobe Zinder, jibi Abuja. Fushin wanda aka hana shiga a kansa yake sauka, damuwar kuɗin abincin almajirai a kansa take kwana. Shi ke kai Shehi asibiti, shi ke karɓo magani, amma ka tambaya yaushe rabon da a ɗaura masa abin awon jini a hannu. Ku tambayi iyalinsa a hankali, sau da yawa matar za ta ce ai ya kwana biyu yana cewa ƙirjinsa, ya hana a faɗa don kada a ɗaga wa Malam hankali. Ajali ba ya wuce lokacinsa, wannan haka yake, amma Annabin da ya ce ba ya mallaka wa abokinsa komai shi ne kuma ya nema wa As'adu magani. Ku sa wani ma'aikacin lafiya cikin almajirai ya zo ya auna duk masu hidimar gidan, har da direbobi.

In kuwa akwai hujja ta gaske, kamar wani ya ga an zuba abu a abinci, ko an yi barazana a gaban shaidu, hanyarta hukuma ce da likita, kuma magada ne ke da hakkin bi. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmi ta duniya da ke Makka, ta yanke tun 1987 cewa ya halatta a binciki gawa idan ana tuhumar kisa kuma alƙali na buƙatar sanin sababin mutuwa. Abin da bai halatta ba shi ne a ƙi zuwa wurin hukuma, a kuma ƙi yin shiru, a bar mutum yana yawo da tambarin kisa a goshi, ana janye yara in ya wuce.

Mu koma ga As'adu, don labarinsa bai ƙare a gori ba. Da aka binne shi a Baƙi'a, Banu Najjar suka zo suka ce, ya Manzon Allah, ka san matsayin mutumin nan a cikinmu, ka naɗa mana wani a gurbinsa. Annabi (SAW) ya ce musu, ku kawunnaina ne, ni ne wakilinku. Kakar mahaifinsa, Salma mahaifiyar Abdulmuɗɗalib, 'yar Banu Najjar ce. Ibnu Ishaƙ ya ce ya ƙi ya fifita wani a kan wani ne a cikinsu, su kuma suka riƙe wannan a matsayin abin alfahari. Ina jin tsoron rabin maganganun da ke yawo a tsakaninku asalinsu wannan gurbi ne: wa zai karɓi makullai, wa zai riƙe wayar Shehi, wa zai zauna a gaban mota. Zargin sammu hanya ce mai sauƙi ta kawar da wanda ake ganin shi zai gada. Shawarata kada a yi gaggawar naɗa kowa. Shehi ya riƙe abin a hannunsa har ƙura ta lafa, in ma zai yiwu a raba aikin, mai kuɗi daban, mai baƙi daban, mai tafiye-tafiye daban, don kayan da mutum ɗaya ya ɗauka shekara ashirin ya fi ƙarfin mutum ɗaya.

Sai amanar da ke hannunsa, kuma a nan ne na fi ganin gidaje na rikicewa. Na zauna a wani rabon gado inda kuɗin ginin makaranta da sadakar da ake aiko wa malam da ɗan jarin mamacin duk suna cikin asusu ɗaya na banki da sunansa, babu rubutu ko na layi ɗaya. Almajirai na cewa na makaranta ne, magada na cewa na ubansu ne, kowa da gaskiyarsa, aka yi kusan shekara ba a gaisawa. Tun yanzu a zaunar da mutum biyu daga ɓangaren makaranta, biyu daga magada, da wani malami masanin gado da kowa ya yarda da shi. A karɓo bayanin shige da ficen asusun, a duba saƙonnin wayarsa da izinin iyalinsa, a yi shela duk mai binsa bashi ko wanda ya ba shi ajiya ya zo, haka wanda shi yake bi. Annabi (SAW) ya ce ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya masa. Inda abu ya shige duhu aka rasa na wane ne, ni ina ganin jama'a ta sassauta wa marayu, domin jama'a na iya sake tarawa. Wanda zai karɓi aikin nan gaba kuma a buɗe wa makaranta asusunta daban, da sa hannun mutum fiye da ɗaya.

As'adu ya bar 'ya'ya mata uku, Kabsha da Habiba da Fari'a, ya yi wasiyya da su ga Annabi (SAW). Suka zauna cikin iyalinsa, suna zagayawa tare da shi ɗakunan matansa, da aka kawo masa wasu kayan ado na zinariya da lu'ulu'u ya sa musu, ya kuma aurar da su. Da Habiba ta haifi ɗa namiji da Sahlu ɗan Hunaifu, aka mayar masa da sunan kakansa da alkunyarsa, shi ne Abu Umama ɗan Sahlu da masu karatun Muwaɗɗa ke yawan cin karo da sunansa. Hadimai da yawa suna mutuwa ba su da gidan kansu, don ƙuruciyarsu ta tafi a ƙofar gidan malam. Matar mamacinku tana cikin takaba wata huɗu da kwana goma, bayan sadakar uku da ta bakwai ƙafa za ta ɗauke. Ku rubuta sunayen 'ya'yansa da ajin da kowane yake, ku san kuɗin haya nawa ne da watan da yake ƙarewa, a sami mutane takamaimai da za su ɗauki kowane, a faɗa a gaban Shehi don kada ya zama alkawarin zaman makoki. Wani mutum ya ce wa Annabi (SAW) mahaifiyarsa ta rasu farat ɗaya, yana jin da ta sami magana da ta yi sadaka, shin tana da lada in ya yi mata? Ya ce e. Imam Bukhari a babin mutuwar fuju'a wannan hadisin ya kawo.

Ka'abu ɗan Malik, bayan ya tsufa idonsa ya tafi, ɗansa Abdurrahman ke yi masa jagora zuwa masallaci. Duk ranar Juma'a in ya ji kiran salla sai ya nema wa As'adu ɗan Zurara rahama. Ɗan ya daɗe yana ji, rannan ya ce, Baba, me ya sa duk ka ji kiran sallar Juma'a sai ka yi wa As'adu addu'a? Ya ce, ɗana, shi ne farkon wanda ya tara mu Juma'a a Madina kafin Manzon Allah (SAW) ya iso. Ya ce ku nawa ne a ranar? Ya ce arba'in. Shekaru masu yawa ke nan bayan an binne As'adu. Kai ma ka san ranar da mamacin nan ya fara shigar da kai gaban Shehi, ka san abin da ya yi maka wanda ba kowa ya sani ba. Ka zaɓi lokaci guda da za ka riƙa ambatonsa a addu'a, ka je ka gaida ɗan'uwan nan da ake zargi a gaban mutane, sannan ka leƙa gidan marayun kafin Juma'a mai zuwa.

Allah Ya gafarta masa, Ya yalwata kabarinsa, Ya haɗa kanku. Wallahu a'alam.